Gidan kwana da wurin sana'a a waje ɗaya: Yadda ake neman irin wannan muhalli a Landan

A birnin Landan, inda kuɗin haya ke cinye kaso mafi tsoka na abin da mutane da dama ke samu a wata, ba kowane mai sana'a ne ke iya biyan hayar wuri biyu ba, ɗaya na kwana ɗaya na aiki. Wannan ne ya sa masu zane da teloli da masu ɗaukar hoto da masu haɗa kiɗa da maginan tukwane ke neman muhallin da za su kwana a ciki, su wayi gari su kama aiki ba tare da sun taka ko'ina ba.

Ga wanda ya taso a Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi, wannan ba baƙon abu ba ne. Tela na kafa kekensa a zaure, baduku na yanka fata a shagon ƙofar gida, mai kitso da mai lalle na karɓar mata a tsakar gida, kuma da wuya a ji an nemi takardar izini. A Ingila kuwa doka ta ware ginin zama daban, ta ware na kasuwanci daban, kowanne da izininsa da harajinsa da irin kariyar da ake ba wanda ke ciki.

Mai neman wuri yakan fara da duba faɗin ɗaki da hasken taga. Amma abin da ke yanke hukunci shi ne abin da takardun ginin suka yarda a yi a cikinsa. Kuskure a wannan gaɓar na iya jawo kora ko tara, a wasu lokutan ma har da asarar rai.

Kalmar da ke rikita baƙi

Ruɗani na farko yana cikin kalmar situdiyo. A bakin masu fasaha, situdiyo ɗakin aiki ne: inda ake zane ko naɗar sauti ko ɗaukar hoto. A bakin dillalan gidaje kuwa, situdiyo shi ne mafi ƙanƙantar gida, ɗaki guda da ya haɗa gado da kicin, sai banɗaki a gefe. Ƙa'idar faɗin gidaje da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2015 ta ce sabon gidan mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 37, amma tsofaffi da yawa ba su kai haka ba. Wanda ya ga tallar situdiyo a intanet ya ɗauka wurin sana'a ne, zai iya tarar da ɗakin da ko teburin yanka yadi ba zai shiga ba.

Abin da mai sana'a ke nema ya kasu gida uku. Na farko shi ne gidan zama na yau da kullum, wanda ake ware ɗaki ɗaya ko gareji ko rumfar bayan gida don aiki. Shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi ne mafi yawan ƙa'idoji kan ƙara da baƙi. Na biyu shi ne ginin da hukuma ta ba izinin zama da aiki tare tun asali. Irinsa kaɗan ne, kuma ba ya jimawa a kasuwa. Na uku shi ne ginin kasuwanci, sito ko tsohuwar masana'anta ko shago, wanda mutum ya kama don aiki sannan ya shimfiɗa katifa a ciki. Wannan ne mafi faɗi da araha, kuma a nan haɗari ya fi yawa.

Yadda aka raba gida da wurin aiki

Landan ɗin kanta ta daɗe tana da gidajen da ake sana'a a ciki. A unguwar Spitalfields har yau ana ganin gidajen masaƙan siliki na ƙarni na 18, waɗanda da yawansu Furotestan ne da suka gudo daga Faransa. An yi wa benen ƙarshe na gidajen tagogi masu faɗi domin haske ya sauka kan masaƙa. A kan titin Talgarth da ke yammacin birnin akwai jerin gidaje takwas da aka gina wa masu zane a 1891, kowanne da katafariyar taga mai fuskantar arewa.

Hayaƙin masana'antu da cunkoso da cututtukan da suka addabi birane a ƙarni na 19 ne suka sa masu tsara gari suka ga gara a nisanta wurin kwana daga wurin aiki. Birnin New York ya kafa cikakkiyar dokar karkasa unguwanni a 1916. A Birtaniya, dokar tsara birane da karkara ta 1947 ta wajabta neman izini kafin a yi sabon gini, ko a sauya wa tsohon gini amfani sauyi mai muhimmanci. Daga nan kowane gini ya samu rukuninsa. A Ingila a yau gidan zama na rukunin C3, yayin da shaguna da ofisoshi da ƙananan masana'antu aka haɗe su a rukunin E tun watan Satumbar 2020. Ginin da aka yarda a zauna a kuma yi aiki a ciki yawanci ba ya shiga ko ɗaya, izininsa na musamman ne, da sharuɗɗan da aka rubuta masa shi kaɗai.

A shekarun 1990 ƙaramar hukumar Hackney da ke gabashin Landan ta buɗe ƙofa ga irin wannan izinin, domin a raya tsofaffin masana'antun da suka zama kango. Sai dai masu gina gidajen sayarwa sun mayar da shi hanyar gina gidajen zama a filayen da aka ware wa sana'a, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saya ba su taɓa yin wata sana'a a ciki ba. Daga baya hukumar ta janye manufar. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙananan hukumomin birnin ke ɗari-ɗari da ba da sabon izini irin wannan.

Takardar farko: izinin ƙaramar hukuma

Wanda ke aiki a gidan zamansa ba lallai ne ya nemi izini ba, muddin gidan na nan a matsayin gida. Hukuma na duba abubuwa kaɗan: ko har yanzu zama ne babban amfanin wurin, ko masu zuwa da motoci sun ƙaru ƙwarai, ko aikin baƙo ne a unguwar zama, ko kuma yana damun maƙwabta da ƙara ko wari ko aikin dare. Mai zane da ke aiki shi kaɗai a ɗakin baya ba shi da matsala. Telan da ya jera kekunan masana'anta huɗu, ya ɗauki ma'aikata, masu ɗinki na sallama har dare, ya riga ya sauya wa gidan amfani.

Idan akwai shakka, ana iya neman takardar shaidar halaccin amfani daga ƙaramar hukuma. Ana biyan kuɗi, amma tana raba gardama. Wanda ya yi gaban kansa kuwa, hukuma na iya aiko masa da umarnin dakatarwa, kuma ƙin bin umarnin laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Tun watan Afrilun 2024, wa'adin da hukuma ke da shi na ɗaukar mataki kan sababbin saɓa ƙa'ida a Ingila ya zama shekara 10.

Ko a ginin da ke da izinin zama da aiki, wajibi ne a karanta sharuɗɗan da kyau. Wasu sun fayyace yawan filin da dole a bar wa sana'a, wasu sun hana a yi zama zalla. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci kan wani gida a unguwar Bermondsey, inda masu ginin suka ce mazaunan sun saɓa yarjejeniya domin zama kawai suke yi. Kotun ta ce kalmomin da aka yi amfani da su a takardun wannan gidan na ba da zaɓi: a zauna, ko a yi aiki, ko a haɗa biyun. Hukuncin ya rataya ne ga lafazin waɗancan takardun, saboda haka wani ginin mai wani lafazin na iya samun hukunci daban.

Takarda ta biyu: yarjejeniya da mai gida

Izinin hukuma bai isa ba idan mai gida bai yarda ba. Yawancin yarjejeniyoyin hayar gidan zama na ɗauke da sharaɗin hana kasuwanci a ciki. A da, masu gidaje na tsoron cewa idan suka yarda, ɗan haya zai samu haƙƙin sabunta haya irin na 'yan kasuwa a ƙarƙashin dokar 1954, ya zama da wuyar fitarwa. Wata doka ta 2015 ta kawar da wannan fargabar ga sana'o'in da za a iya yi a gida, don haka a yau akwai damar a nemi yardar mai gida a samu. Abin da ya dace shi ne yardar ta kasance a rubuce, ta ambaci irin sana'ar da lokutan aiki da batun masu zuwa. Alkawarin baka na dillali ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Wanda zai saya ma bai tsira ba. Yawancin gidajen bene a Landan ana sayar da su ne bisa doguwar haya ta shekara 99 ko 125 ko fiye, kuma ƙasar da ginin na hannun wani. Takardun irin waɗannan gidajen sau da yawa sun ce zaman iyali kaɗai aka yarda. Bankin da ya ba da bashin sayen gida shi ma yana da ta cewa. Haka abin yake ga waɗanda suka bi ta bankunan Musulunci, inda banki ke zama abokin tarayya a mallakar gidan har a gama biya. Ginin da ke da izinin zama da aiki kuwa, ba kowane banki ne ke ba da bashi a kansa ba, abin da kan sa sayar da shi daga baya ya yi wuya.

Bambancin hayar zama da hayar kasuwanci babba ne. A hayar zama a Ingila, dokar 2019 ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole a saka kuɗin a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Dole mai gida ya sa a duba iskar gas kowace shekara, wayoyin lantarki kowace shekara biyar, ya kuma sa na'urar gano hayaƙi a kowane hawa. Ba zai iya fitar da ɗan haya ba sai da umarnin kotu. A hayar kasuwanci babu iyaka ga kuɗin ajiya, gyaran gini kan faɗa wuyan ɗan haya, ana iya ƙara harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin hayar, kuma idan yarjejeniya ta ba da dama, mai gini na iya canja makulli idan aka gaza biya.

Ga baƙi akwai takarda ta uku. Tun 2016 doka ta ɗora wa masu gidaje a Ingila duba izinin zaman ƙasa na duk wanda zai kama haya. Sannan ba kowace biza ce ke ba da damar sana'ar kai ba. Bizar ɗalibai, alal misali, ta hana mutum yin kasuwancin kansa, ko da ɗinki ne ko ɗaukar hoto a ɗakin kwanansa.

Zaman sito: darasi daga Amurka

Sha'awar zama a sito ta samo asali ne daga New York. A shekarun 1960, bayan ƙananan masana'antu sun fice daga unguwar SoHo, masu zane suka riƙa kama benayen da aka bari, masu faɗi da dogon rufi, suna kwana a ciki ba bisa ƙa'ida ba. A lokacin ne aka fara liƙa ƙananan alluna a ƙofar gine-ginen domin 'yan kwana-kwana su san akwai mutum a sama idan gobara ta tashi. A 1968 mai sassaƙa Donald Judd ya sayi bene mai hawa biyar a titin Spring kan dala 68,000, ya mayar da shi gidansa da wurin aikinsa. A 1971 birnin ya halatta zama da aiki a unguwar ga masu fasahar da hukumar al'adu ta tantance, sannan a 1982 jihar New York ta kafa dokar da ta tilasta wa masu irin waɗannan gine-ginen gyara su zuwa matsayin gidan zama, ta kuma kare mazauna daga kora.

Abin da ya biyo baya ya maimaitu a birane da yawa. Masu fasaha suka raya unguwar, masu kuɗi suka biyo su, haya ta tashi, waɗanda suka fara zuwa suka tattara nasu ya nasu. SoHo a yau na cikin unguwanni mafiya tsada a Amurka. A Landan an ga haka a Shoreditch da Hoxton a shekarun 1990, sannan a Hackney Wick bayan gasar Olamfik ta 2012.

Inda ba a gyara ginin ba, sakamakon na iya zama mummuna. A daren 2 ga watan Disambar 2016 gobara ta tashi a wani sito da ke birnin Oakland na jihar California, wanda masu fasaha suka mayar gidaje da ɗakunan aiki ba tare da izini ba. Ana wani taron kiɗa a benen sama a lokacin. Ginin ba shi da na'urar fesa ruwa, ƙasa ta cika da katako da kayan kiɗa da tarkace, kuma babbar matakalar da ake hawa da ita an harhaɗa ta ne da katakon ɗora kaya. Mutum 36 suka mutu. A 2020 hukumar birnin ta amince ta biya diyyar dala miliyan 32.7, sannan a 2021 wanda ke riƙe da hayar sito ɗin ya amsa laifin kisa ba da gangan ba.

A arewacin Landan akwai ɗaruruwan mutane da ke zaune a tsofaffin sito a yankin Haringey, kuma ƙaramar hukumar ta sanya wannan salon zama a cikin ƙa'idojinta na tsara gari a 2017. Wannan bai sa kowane sito ya halatta ba. Wanda ke kwana a ginin kasuwanci a ɓoye ba shi da takardar harajin gida da zai nuna wa banki ko makarantar yara, inshorarsa na iya faɗuwa ranar da ya fi buƙatarta, kuma 'yan kwana-kwana ba su san yana ciki ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Abubuwan dubawa a jikin ginin

Bayan takardu sun yi daidai, sai a koma kan ginin, kuma kowace sana'a da abin da take nema.

Hanyar fita ce farko. Ya kamata a iya fita daga wurin kwana ba tare da an ratsa ta inda ake ajiye yadi ko fenti ko takarda ba, kuma a samu ƙofa mai jure wuta tsakanin ɓangarorin biyu.

Mai zane da mai ɗinki na buƙatar haske. A ƙasashen arewacin duniya tagar da ke fuskantar arewa ce aka fi so, domin rana ba ta shigowa ta nan kai tsaye, haske ba ya yawan sauyawa, launi kuma ba ya yaudarar ido. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, don haka dole a tanadi fitilu masu kyau ko da tagar ta kai girman bango.

Mai kiɗa da mai naɗar sauti matsalarsu ƙara ce, mai fita da mai shigowa. Soson da ake mannawa a bango yana rage amsa-kuwwa ne a cikin ɗaki, ba ya hana sauti isa ga maƙwabci. Abin da ke tare sauti shi ne nauyin bango da tazarar iska da toshe kowace kafa. A ƙa'ida, ninka nauyin bango na rage kimanin desibel shida ne kawai, shi ya sa ƙwararru ke gina ɗaki a cikin ɗaki, wanda bangonsa da daɓensa ba sa taɓa na ainihin ginin. Amon ganga da rurin keken ɗinki na masana'anta na bin katakon daɓe su sauka kan na ƙasa. Saboda haka hawa na ƙasa mai daɓen kankare ya fi bene, gidan da ke ƙarshen layi kuma ya fi wanda ke tsakiya. Dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon aiko da umarnin daina ƙara, kuma daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe an fi tsanantawa.

Lantarki ma abin lissafi ne. Soket ɗin gida a Birtaniya na ɗaukar kimanin kilowat uku. Babban murhun gasa tukwane ko injin kafinta na buƙatar layinsa na daban, wasu ma sai lantarki irin na masana'anta, wanda jawo shi gida ke da tsada ƙwarai. Daɓen gidan zama kuwa an tsara shi ne ya ɗauki kimanin kilo 150 a kowane murabba'in mita, nauyin da injin buga zane ko tarin buhunan yumɓu zai iya zarcewa.

Iska ita ce aka fi mantawa da ita. Ƙurar yumɓu busasshe na lalata huhu a hankali, tururin sinadaran narkar da fenti na sa ciwon kai da jiri, kuma wanda ke kwana a inda yake aiki yana shaƙar su dare da rana, shi da iyalinsa. Duk ginin da aka yi kafin shekarar 2000 a Birtaniya na iya ƙunsar asbestos, wani kayan gini mai haddasa kansar huhu da aka haramta gaba ɗaya a 1999, don haka ba a huda bango ko rufin tsohon sito sai an bincika.

Yana da kyau a auna faɗin ƙofa da lanƙwasar matakala kafin a sa hannu, a kuma ziyarci wurin sau biyu, da rana da kuma da dare, domin a ji yadda unguwar take.

Haraji da inshora

Wanda ke amfani da ɗan ɓangaren gidansa don aiki yawanci harajin gidan zama kaɗai yake biya wa ƙaramar hukuma. Amma idan ya mayar da gareji shago, ko yana karɓar masu saye, ko ya ɗauki ma'aikata a gidan, hukumar kimanta gine-gine na iya raba wurin biyu, ta ɗora wa ɓangaren sana'a harajin wuraren kasuwanci. Akwai rangwame: a Ingila, idan ƙimar hayar ɓangaren a shekara ba ta wuce fam 12,000 ba, kuma shi kaɗai ne wurin kasuwancin mutum, ba a biyan komai, rangwamen kuma na raguwa har zuwa fam 15,000. Sai dai dole a nema a wajen ƙaramar hukuma.

Mai gidan kansa na da wani abin lura. Ribar sayar da gidan zama ba ta da haraji, amma ɗakin da aka keɓe wa sana'a zalla na iya rasa wannan sassaucin ranar da za a sayar. Shi ya sa masu ba da shawara kan haraji ke cewa a bar wa ɗakin wani amfani na gida, ko da saukar baƙi ne.

Inshorar gida ta yau da kullum ba ta cika ɗaukar nauyin kayan sana'a ba, ko raunin da mai saye ya ji a cikin gida. Ɓoye wa kamfani cewa ana sana'a na iya sa ya ƙi biya ko da gobarar daga kicin ta taso. Wanda ya ɗauki ma'aikaci kuwa, doka ta wajabta masa inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan biyar.

Ina ake nema?

Manyan shafukan tallar gidaje ba su cika ware irin wannan muhalli ba, don haka masu nema kan haɗa da dillalan gine-ginen kasuwanci da ƙungiyoyin masu fasaha. Ƙungiyar SPACE, wadda mai zane Bridget Riley da abokinta Peter Sedgley suka kafa a 1968, ta fara ne a wani tsohon sito da ke tashar jiragen ruwa ta St Katharine. Ƙungiyar Acme ta fara a 1972 da karɓar gidajen da hukuma ke shirin rushewa a gabashin Landan tana ba masu zane, kuma tun 1997 take gudanar da shirin zama da aiki a wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana da ke Poplar. Gurabe kaɗan ne, ana kuma tantance aikin mai nema. Yawancin ɗakunan da ƙungiyoyin ke bayarwa na aiki ne zalla, an hana kwana a ciki.

Ƙarancin ya daɗe. Wani nazari da ofishin magajin garin Landan ya wallafa a 2014 ya yi hasashen cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na ɗakunan aikin masu fasaha a birnin za su salwanta cikin shekara biyar. A 2019 aka kafa gidauniyar Creative Land Trust domin ta riƙa mallakar gine-gine tana ajiye su ga masu fasaha na dogon lokaci.

Akwai kuma tsarin gadin gini, inda kamfanoni ke sa mutane a makarantu ko ofisoshin da ba kowa don kada a mamaye su. Wurin kan yi faɗi da sauƙin kuɗi, amma mai gadin ba shi da haƙƙin ɗan haya, kuma galibi sanarwar kwana 28 ta isa a ce ya tashi.

Sauran birane na da nasu hanyoyin. A New York akwai Westbeth, tsohuwar cibiyar binciken kamfanin tarho da aka mayar gidaje sama da 380 na masu fasaha a 1970, inda ake shafe shekaru a layin jira. A Paris hukumar birni na raba gidaje masu haɗe da ɗakin aiki ga masu fasaha, kuma cibiyar Cité internationale des arts, wadda aka buɗe a 1965, na karɓar masu fasaha daga ƙasashen duniya, ciki har da na Afirka, su zauna na wasu watanni.

Ga wasu sana'o'in, lissafi kan nuna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Mai aikin ƙura ko ƙara, musamman mai ƙananan yara, zai iya samun sauƙi idan ya kama ƙaramin gida, ya kuma yi hayar teburi ko lungu a ɗakin aikin haɗaka, inda an riga an tanadi murhu da injina da inshora.

Wanda ya ƙudurta haɗa biyun kuwa, zai iya fara bincikensa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Kowace ƙaramar hukuma a Landan na da rajistar izinin gine-gine a shafinta na intanet, inda ake saka adireshi a ga izinin da aka ba wuri da sharuɗɗansa. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice na ba da shawara kyauta kan haƙƙin ɗan haya. Idan dillali ya ƙi nuna takardar izini, ko ya ce a sa hannu kan hayar kasuwanci a riƙa kwana ba wanda zai sani, to wannan amsar kaɗai ta isa mai nema ya duba wani wurin.